Barewar da Ba Ta Yi Famfara Ba

Zuwa ga jikana, angona Mai Ƙashi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya abokan zamanka matattu na gidan tarihi? Mu lafiya lau, sai gwiwa.

Saƙonka ya iso. Da na ga kwali cike da auduga na ce yau angona ya tuna da ni, turare ne. Ina buɗewa sai ga muƙamuƙi! Babarka har da salati. Sai da na karanta takardarka na gane kwafi ne na filasta, na gasken yana wajenku, ƙashi ne da ya daɗe a ƙasa har ya zama dutse. Wai wata takwas ka yi kana kankare shi da allura da buroshi. Ban yi mamaki ba. Kai ne fa kana shekara shida ka jera min ƙashin kaza a kan gado, kana kuka wai ƙafa ɗaya ta ɓata.

Ka ce wata 'yar mitsitsiyar barewa ce da ba a taɓa sanin irinta ba, ƙarshen wata za ka sanar a taron masana, kuma sunana za ka sa mata. Na gaya wa duk layinmu, har mai gyaran takalmi.

Amma tsaya. Shekara arba'in na yi ina kiwon awaki, kawunan da na fasa ba sa ƙirguwa. Na shafa abin nan da yatsa: haƙorin ƙarshe mai ɗaki uku ne, kuma ƙashin da ke bayansa ya kumbura. Haka na 'yan awakina yake kafin su yi famfara. Anya ba jaririya ka tono ba? Ni dai ajin manya kawai na yi, kai ne dakta.

Allah ya yi albarka.
Kakarka

*

Kaka,

Bayan gaisuwa da ban girma. Ki riƙa shafa maganin gwiwar nan, ba ajiye shi a taga ba.

Na yi dariya sosai. Kaka, wannan ba akuyar gida ba ce. Na auna shi sau talatin, na gwada shi da duk muƙamuƙan da ke durowoyinmu. Kumburin kuwa nauyin ƙasa ne ya matse shi. Shugaban sashenmu ya sa hannu, an buga sunana a jerin masu jawabi. Shekara tara nake jiran irin wannan rana.

Ki huta lafiya, amarya.
Jikanki

*

Mai Ƙashi,

Ina gaisuwa. Mako biyu shiru, ko ka yi fushi ne da tsohuwa? Na ɗora muƙamuƙin a kan rediyo, kullum yana min murmushi, ya fi ka fara'a.

Abu ɗaya zan roƙa. Da na faɗi a bayi, likita ya ga cikin ƙuguna a hoto ba tare da ya yanka ni ba. Ka kai barewarka ta ɗauki irin hoton nan. In babu komai ciki, ka zo ka yi min dariya har ka gaji.

Kakarka mai katsalandan

*

Kaka,

Ina gaishe ki. Tun kafin wasiƙarki ta iso na kai muƙamuƙin aka ɗauki hoton, don maganarki ta hana ni sakat. A cikin kumburin akwai babban haƙori kwance, bai kai ga fitowa ba. Jaririya ce ta irin barewar da aka daɗe da sani. Na auna komai, amma abin da nake so shi na gani.

Wani abokin aiki ya ce in ce ba ni da lafiya, in ƙi zuwa taron. Na je. Na tsaya gaban mutum ɗari biyu na haska hoton, na ce na yi kuskure, kuma wadda ta gano tana kiwon awaki ne. Daga baya wata farfesa mai furfura ta ce ba a taɓa samun jaririyar irin nan ba, yanzu za a san yadda suke girma. Ta nemi mu yi aiki tare.

Amma babu sabuwar dabba, Kaka, don haka babu suna. Ki yafe min.

Jikanki

*

Angona,

Gaisuwa. Yafe me? Da ma ina ta tunanin yadda zan yi da takwarar da ko haƙora ba ta gama ba, ni kuma nawa sun ƙare.

Na sake zagaya layinmu. Na ce musu jikana ya tsaya gaban mutum ɗari biyu ya ce bai yi daidai ba. Mai gyaran takalmi ya ce bai taɓa jin dakta ya faɗi haka ba. Na ce ai ba a gidansu aka raine shi ba.

Ka shimfiɗa wa jaririyar auduga mai laushi, ta daɗe ba uwa. Turaren kuma har yanzu ina jira.

Kakarka