Takalman Yayana da Mangwaron Bayan Raga

Barkanku da war haka jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana. Anti mai kula da zaure, don girman Allah ki cire sunana kafin ki saka wannan, ko da yake na san 'yan Kafanchan da ke cikinmu ba za su sha wahalar gane ni ba. Sunayen da zan kira ma ba na gaskiya ba ne. Don Allah ku ba ni shawara, domin ni da ko kaza ban iya kora da tsawa ba, yau ga ni ina yawo da wani irin fushi a ƙirjina da ban san ina da irinsa ba.

Ni malamar firamare ce a hanyar Madakiya, ban daɗe da gama kwaleji ba. Mu biyu ne wurin Mama, ni da Yaya Bitrus, kuma tun rasuwar Baba shi ne uba a gidanmu. Baba ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin ƙwallon unguwarmu a filin da ke bayan kwatas ɗin reluwe. A bayan ragar gabas akwai wani tsohon mangwaro, kuma kulob ɗin yana da al'ada a kansa. Duk ɗan wasan da ya tsufa a cikin jesinmu ana shirya masa wasan sallama, ya buga rabin farko, sai alƙali ya busa usur, ya zauna a tsakiyar fili ya cire takalmansa, a ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa har gindin itacen ya rataye su da hannunsa. Sharaɗin guda ne, sai wanda bai taɓa sa jesin wani kulob ba. Na Baba suna can har yau, rana da ruwa sun cinye fatar, sun yi baƙi sun lanƙwashe, amma na san reshen. Idan iskar hadari ta taso sukan riƙa bugun juna a hankali, ina ƙarama nakan ce Baba ne yake tafi.

Yaya Bitrus shi ne kyaftin, mai tsaron baya. Bayan tashin hankalin dubu biyu da sha ɗaya, lokacin da maƙwabci yake tsoron maƙwabci kuma ciyawa ta rufe filin, shi ya bi gida gida, ya shiga har unguwar da aka ce kada ya shiga ya kamo hannun Alhassan gola, ya je shagon Chidi ya zauna masa har ya yarda ya dawo. Su uku suka fara nome filin da fartanya. Ba zan yi muku ƙarya ba, yanzu ƙafarsa ta yi nauyi. Jirage sun ragu, ma'aikata da yawa sun bar gari da 'ya'yansu, kulob ya zama na masu furfura, bara yaran Godogodo suka riƙa wuce Yaya kamar an dasa shi. Shi ma ya sani. Da bakinsa ya ce wannan kakar ce ta ƙarshe, da Kirsimeti zai rataye nasa kusa da na Baba. Abin da ya roƙi duniya ke nan, kaka ɗaya.

Wanda zan aura, bari in kira shi Ayuba, malamin wasanni ne a wata sakandare. Ya je kwas ɗin horar da 'yan wasa ya dawo, kwamiti ya ba shi koci. Tun muna zance yake cewa kulob ɗin sai an rushe an sake gini, ni kuma ina gyaɗa kai, don na ɗauka yana nufin a kawo yara su koya a ƙarƙashin manya. Ina son shi, wannan ma in faɗa. Mutum ne mai tsabta da natsuwa, yakan raka ni har bakin layin dogo yana sauraron surutuna a kan gajimare da furen rawaya da ke fitowa tsakanin duwatsun layin, bai taɓa ce min na cika mafarki ba.

Ranar wata Lahadi bayan an tashi majami'a ya zo gaisuwa da kawunnansa, da akuya da gishiri da kiret ɗin lemo. Ya durƙusa a gaban Yaya har ƙasa ya kira shi Baba. Suka ci tuwon acca a kwano ɗaya. Ina jin su daga bayan labule, Yaya yana tsokanarsa wai Koci a ji tausayin tsoho wajen gudun firaktis, kaka ɗaya ta rage masa, Ayuba ya yi dariya ya ce kada ya damu, ya riga ya shirya masa komai. Jama'a, ashe da gaske ya shirya. Tun kafin wannan Lahadin an gama magana.

Mu kuwa a tasha muka ji. Na raka Yaya kasuwa, muna wucewa sai yaron wata motar Zonkwa ya rataya a ƙofa yana ihu, "Kaftin! Kai namu ne yanzu fa! Zo ka shiga gaba, ɗan wasanmu ba ya zama a baya!" Mutanen tasha suka kwashe da dariya, wani mai gyaran taya ya ce ashe tsohon kaya ma yana da kasuwa. Yaya ya tsaya da ledar tumatir a hannu yana murmushi irin na wanda bai gane ba. Wannan murmushin ne ba zan yafe ba.

Abin da ya faru shi ne, wani sabon kulob na Zonkwa ya shiga gasa, suna neman gogaggu. Ayuba da ciyaman ɗin kulob ɗinmu suka ba su Yaya da Alhassan da Chidi, suka karɓi yara huɗu 'yan sakandare da sababbin raga biyu. Raga! An haɗa yayana da raga a ciniki ɗaya, kuma ba wanda ya ga ya kamata a kira shi a gaya masa.

Da yamma na sami Ayuba a filin, ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na tambaye shi da wane baki ya ci tuwon gidanmu. Ya ce ya yi shiru ne don kada maganar ƙwallo ta ɓata maganar aure, wai a ganinsa abu biyu ne daban. Ya ce kulob ba gidan ajiye tsofaffi ba ne, idan ba a yi haka ba nan da shekara biyu ba kulob ɗin ma balle itace, kuma ai Zonkwa ba Legas ba ce, mota ɗaya ce. Na ce masa ya san sarai ranar da Yaya ya sa jesin Zonkwa ya yi sallama da mangwaron nan har abada. Sai ya ɗaga kai ya dubi reshen da takalman Baba suke, ya ce min, "Haba ƙanwata, ruɓaɓɓun takalma ne fa a kan itace, ki bar kawo min waƙa a cikin aiki." Mutumin da ya saurari zancen gajimare wata da watanni, ashe haƙuri yake yi da ni. Na cire hannuna daga nasa na tafi gida.

Alhassan da Chidi sun tafi, su dama sun taɓa buga wa wani kulob a Jos da ƙuruciya, itacen ba nasu ba ne, ko da yake Alhassan ya rantse ba zai ƙara gaisawa da ciyaman ba. Yaya ne ya ƙi zuwa. Ya je wurin kwamiti ya ce to a yi masa wasan sallamarsa yanzu ya huta, suka ce ba a yi wa wanda aka riga aka sallama wa wani kulob. Mutanen Zonkwa kuma sun aiko cewa kyaftin ɗin suke so tun farko, idan ba su gan shi ba kafin a buɗe gasa za su kwashe yaransu, cinikin ya warware. Idan ya warware Yaya ya dawo namu, ya rataye takalmansa da Kirsimeti. Amma ciyaman ya faɗa a gaban mutane cewa ranar da yaran suka koma, koci ma ya bi su.

Ga abin da ya fi ƙona min rai, yaran nan sun iya. An yi wasan sada zumunci da Godogodo na je don in ga sun sha kashi, wallahi da wannan niyyar na je. Sai ga wani siriri a cikin yaran huɗun nan, Sunday, ya ɗauki ƙwallo daga tsakiya ya wuce mutum uku kamar ruwa yana bin gangare ya zura a sabuwar ragar. Ban san lokacin da na miƙe ina ihu ba, sai da na ga matan unguwa suna kallona na zauna. Bayan wasa yaron nan ya zo har ƙofar gidanmu da jesinsa jiƙe, ya durƙusa wa Yaya ya ce tun yana firamare yake hawa bayan motar doya ya zo kallonsa. Yaya ya dafa kansa ya ce ya riƙa ɗaga kai kafin ya ba da ƙwallo. Yaron bai san wuri ɗaya ake ja tsakaninsa da mutumin da yake durƙusa wa ba, ni kuma na rasa wanda zan tsana.

Yanzu Ayuba ya dawo yana lallashi. Ya ce duk garin nan ni kaɗai Yaya yake ji, in roƙe shi ya je ko wasa biyu ne ya buga wa Zonkwa. Bai ce zai fasa aure ba, amma ya ce idan aka kore shi saboda gidanmu bai san me zai gaya wa kawunnansa ba, kuma tun ranar bai ƙara ɗaga maganar sa rana ba. Haƙuri kuwa har yau bai je ya ba Yaya ba, wai yana jiran ƙura ta lafa. Mama ta ce in rufa wa kaina asiri, mijin kirki ba a tsintarsa a hanya, ita da aka bar ta da marayu biyu takalmin da ke kan itace bai taɓa saya mata magani ba. Amma na kama ta tana goge hoton Baba na jesi da bakin zanenta. Matar fasto ta ce in yi addu'a in yi biyayya, na tambaye ta biyayya ga wa, wanda ya goya ni ko wanda ba a ɗaura mana aure ba tukuna, ta ce na fara zama mai taurin kai.

Shi kuwa Yaya bai ce min komai ba har safiyar Asabar da ta wuce. Na gan shi a tsakar gida ya wanke takalman da buroshi, ya shafa musu mai, ya ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya irin ɗaurin ratayewa. Ya shigo ɗakina ya ajiye su a gaban gadona ya ce, "Auta, ba zan zama sanadin lalacewar aurenki ba. In kin ce in je Zonkwa, kwance ki kawo min, zan sa in je in buga. In kin bar su a ɗaure na gane. Amma ni dai da hannuna ba zan kwance ba." Ya fita abinsa ya tafi gona.

Har shi ma ina fushi da shi. Maza sun yi cinikinsu, sun yi taurin kansu, sannan kowa ya kwaso kayan ya jibga a kaina. Akwai lokacin da nake ji kamar in ɗauki takalman nan da tsakar rana ana firaktis, in ratsa tsakiyar fili in hau mangwaron da kaina in rataye su, in ga mai ƙarfin halin da zai sauke. Sai kuma in tuna ba hannuna Yaya yake so ya rataye su ba, nasa yake so, da usur da kafaɗun abokansa.

To jama'a, ku gaya min gaskiya ko da za ta yi min ɗaci. In kwance igiyar in tsira da aurena, yaran nan su ci gaba da wasansu, ni kuma in ƙare rayuwata ina wucewa ta gindin mangwaron ina kallon gurbin da ke kusa da na Baba? Ko in bar ta a ɗaure, a kori Ayuba, Sunday ya koma, unguwa ta ce ni na kashe kulob? Matan aure da ke cikin zauren nan, ku na fi so in ji, mutumin da ya iya cin tuwo da kai yana murmushi alhali ya riga ya sayar da kai, ana iya zaman aure da shi, ko ni ce nake girmama abin da bai kai ba?

An kusa buɗe gasa. Takalman suna nan a gaban gadona, ko sharewa zan yi sai dai in zagaye su, don har yanzu ban yarda hannuna ya taɓa igiyar ba.