Furfura a Tsakanin Shafuka

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau na buɗe wa Malamin Lissafi titi a tsakiyar kai. Titi sosai, daga goshi har ƙeya. Ba laifin kilifa ba ne, laifin bakina ne. Yana zaune a kujerar aski ya hango kantar littattafai ta madubi, ya ce, "Wancan mai jan bango fa, yaya yake?" Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Ina! Sai na ce, "Wannan ai wuta ne, Malam." Na shiga ba shi labarin da ni ma a lokacin nake jin sa karon farko, har da ɓarayi da jirgin ruwa. Ina cikin kwatanta yadda jirgin ya kife, da hannun da ke riƙe da kilifa, sai ji na yi ya ce, "Innalillahi."

Ƙwal-kwabo na yi masa, na ce shi ake yayi. Ya tafi da littafin da hulata.

Kantar ta Farfesa ce, 'yata ta fari. Ni na laƙaba mata sunan tun tana firamare, ga shi bakina ya kama ta, ta tafi jami'a makon jiya. Shekara da shekaru tana tara littattafan nan a shagona, tana ba masu aski aro. A tasha ta ce, "Baba, in ba za ka iya ba a kwashe su a kai gida." Na bugi ƙirji na ce ni da nake zaɓa wa kai aski, zaɓa masa littafi ne zai gagare ni? Ni da boko mun rabu a aji huɗu, ba faɗa ba zagi, kowa ya kama gabansa. Ina karatu, amma irin tafiyar mai ƙaya a ƙafa. Ta sani. Ta dai hau mota.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na gano dabara, kuma wallahi ko a jami'ar ba a koyar da ita.

Mutane suna karatu ina yi musu aski, gashi yana zuba cikin shafuka. To, yau na zazzage littattafan ɗaya bayan ɗaya a kan farin ƙyalle. Wanda ya zubo da furfura, na dattawa ne. Wanda ya zubo da baƙin gashi mai ƙamshin mai, na samari ne. Na yara masu hotuna ba sai an zazzage ba, wanda shafukansa suka manne da alawa shi ne gwani. Wanda bai zubo da komai ba, wannan marubucinsa kaɗai ya ji daɗinsa.

Na jera su kashi-kashi. Da na ba Maman Farfesa labari, cewa ta yi, "Wato yanzu gashi ne yake maka karatu?" Na ce ai shi yake ciyar da mu tun aurenmu, ban taɓa jin kin raina iliminsa ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Malamin Lissafi ya dawo da hula da littafi. "Babu jirgin ruwa a ciki, ko kwalekwale babu. Amma ya yi daɗi. Ba ni wani." Ka ji fa.

Talata, 14 ga Oktoba

Nas ɗin asibitin bayanmu ta kawo ɗanta, wanda in ya ji ƙarar kilifa sai unguwa ta san an zo aski. Na miƙa masa mai hotuna, na wata akuya da ta shiga motar haya ta ƙi biyan kuɗi. Har na gama bai ɗago ba, sai tambaya yake ko akuyar za ta sauka. Uwar ta ce ita ma a ba ta wanda zai hana ta gyangyaɗi a wurin aiki. Na ba ta na mai binciken kisan kai, wanda samari suka cika da gashi.

Telan kusa da ni na ba shi labarin soyayya, ya ce shi ya girmi wannan. Da azahar na leƙa, keken ɗinki a tsaye, shi a zaune, baki buɗe.

Na sa an rubuta mini a kwali na liƙa a jikin kanta: TAMBAYI MAI ASKI.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yaya Direba ya zo, kamar kowace Asabar. Ba jini ya haɗa mu ba, amma shi ya kawo ni garin nan a bayan motarsa ina saurayi, da almakashi ɗaya da madubi mai tsagewa. Da can in ya shigo sai na kashe rediyo, don shi ya fi rediyo. Tun da matarsa ta rasu bara, zama kawai yake ya miƙa kai, in na gama ya ce "madalla" ya tafi. 'Ya'yansa duk suna nesa.

Na ce yau sai na ciro dariya daga cikin mutumin nan ko da filaya ne. Akwai wani littafi mai ruwan ƙasa, tarihin rayuwar wani mai raba wasiƙu da ya rubuta da kansa. Duk kantar babu wanda ya kai shi furfura. Da idona na ga dattawa suna ƙyalƙyala dariya a kansa har sai na ɗaga kilifa na jira su. Wai mutumin ya ari keke ya je zance, mai keken ya biyo shi har ƙofar gidan budurwar.

Na ce, "Yaya, ga magani. Shafi biyu da safe, biyu da yamma. Ka riƙe ciki da kyau."

Ya juya shi gaba da baya. "Ka karanta?"

"Ni? Har sau biyu."

Ya sa a aljihu.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Mutum uku yau sun zo ba aski ba, littafi kawai. In aka ci gaba a haka sai na sayi tabarau, ko ba na gani da shi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Yaya Direba bai zo ba. Dariya ce ta kwantar da shi, na sani.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Farfesa ta kira. Na baje mata kolin nasarorina, Nas da Tela da Malam, tana ta dariya tana cewa, "Baba, kai ne?" Sai na kawo na Yaya Direba, na ajiye shi ƙarshe don shi ne babba.

Dariyar ta tsaya cak. Har na duba ko waya ta mutu.

"Baba, wanne ka ce ka ba shi?"

"Na mai wasiƙu. Na dariyar nan."

"Farkonsa ne dariya. Yarinyar da ya je wa zance a keke, ita ya aura. Daga tsakiya har ƙarshe jinyarta ce, Baba. A hannunsa ta cika."

Na ce mata layi ba kyau.

Na koma shago na sake zazzage littattafan, wannan karon ina duba inda gashin yake fitowa. Duka a farko yake. Kowane littafi, a farko. Aski minti nawa ne? Mutum ya karanta abin da ya samu, in kakkaɓe masa wuya, ya rufe ya tashi. Wanda ya kai ƙarshe a gida ya kai, inda ba kilifa. Wato duk ilimin nan nawa na bakin ƙofa ne, ban taɓa shiga ɗakin ba.

Na ɗauki mutumin da ya yi jinyar matarsa wata da watanni, na ba shi jinyar wani ya ƙara da ita. Har da cewa ya riƙe ciki.

Litinin, 27 ga Oktoba

Maman Farfesa ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce, "Ka je." Na ce ai gashi ba ya daina tsiro, dole ya neme ni. Ta ce, "To, zauna gashi ya je maka."

Na je da yamma. Ƙofar a rufe, takalmansa a waje. Na yi sallama sau uku kafin ya amsa daga ciki. "Lafiya nake. Ka koma bakin aikinka." Ta taga na hango littafin a ƙasa, kife, can jikin bango, kamar wanda aka yi jifa da shi.

Na tsaya ina neman abin barkwanci, karon farko a rayuwata aljihun ba komai.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na cire kwalin. Iska ce take kaɗa shi, yana damun mutane.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Bai zo ba. Duk wanda ya shiga shagon askin yaran nan na tsallaken titi sai na leƙa ƙeyarsa. In ya kai musu kan nan da na sani tun yana baƙi wuluk, to shi ke nan, an sallame ni.

Tela ya dawo da na soyayya ya ce a ba shi wani. Na ce ya zaɓa da kansa. Ya ce lafiya? Na ce likita ya tafi hutu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ya zo.

Kai ya yi buzu-buzu, gemu kamar tsohon buroshi. Ya jira har shago ya watse, sannan ya hau kujera. Na ɗauko ƙyalle zan yafa masa, ya riƙe hannuna.

"Sau biyu ka ce ka karanta?"

"Yaya, ka san lissafina..."

"Maƙaryacin banza. Tun kana da madubi mai tsagewa haka kake."

Wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Ya ce da ya kai inda aka kwantar da ita a asibiti, jifa ya yi da littafin, ya rantse in ya gan ni sai ya aske ni da kwalba. Kwana biyu yana tsallake shi a ƙasa. Sai ya ɗauka don ya ga ko mutumin zai yi ƙarya. "Bai yi ba," in ji shi. "Akwai inda ya ce bayan ta rasu kullum sai ya ɗauko kofi biyu, sai ya zuba na farko yake tunawa. Ni na ɗauka ni kaɗai ne mahaukaci."

Na fara cewa Allah Ya ji ƙanta, ya ɗaga mini hannu. Ya ce addu'a ya sha ta, Allah Ya saka wa kowa. Abin da bai samu ba shi ne wanda zai zauna su yi maganar abin da ke cikin littafin nan, don in ya ce zai yi maganar tasa matar kai tsaye, maƙogwaro ba ya barin sa.

Ya ɗora mini shi a hannu. "Kai ka ba ni, kai za ka karanta. Daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Kuma kilifarka ba za ta taɓa kaina ba sai ka gama."

Na ce, "Yaya, da irin gudun karatuna, sai ka yi kitso."

"Sai in yi. Duk wanda ya tambaya in ce wanzamina ne jahili."

Ya sauka ya tafi da sumarsa. A bakin ƙofa na ga kafaɗarsa tana rawa. Ban sani ba ko dariya ce, ban bi shi na duba ba.

Talata, 11 ga Nuwamba

Shafi tara. Wanzami ba ya son jarfa, yau na yarda. Mai keken ya iso ƙofar gidan budurwa, ni ma na iso da gumi.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Yana zuwa duk Asabar ya zauna a benci, ba aski, sai jarrabawa. "Ina ka kai?" In faɗa. "Me ta ce masa a tasha?" In na yi kame-kame ya ce koma baya. Yau daga maganar tashar littafi ya zarce zuwa wata tasha, inda tasa matar ta taɓa jiran sa yini guda da abinci a kwano, mota ta lalace masa a hanya. Ya ba da labarin har ƙarshe, maƙogwaro bai hana shi ba. Na yi kamar ina wasa almakashi.

Masu aski sun fara tambaya wane ne wannan mai suma kamar daji. Na ce talla ce, ta kafin a zo wurina.

Farfesa ta ce a mayar da kwalin. Na mayar, amma yanzu in an tambaye ni nakan ce, "Farkonsa dai an yi dariya, ƙarshensa Allah masani." Abin mamaki, an fi ɗauka.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Na wuce rabi. An kwantar da ita. Nan karatun ya ƙara nauyi, ba don kalmomin ba.

A gida nake yi yanzu, bayan la'asar, a ɗakin Maman Farfesa. Haske ya fi kyau a can, shi ke nan dalili. In na cije a kalma takan leƙo ta faɗa mini, ashe ta fi ni aji ɗaya ban taɓa sani ba. Jiya na haɗa shayi na kawo mata. Ta kalli kofin ta kalle ni, ta ce me na fasa? Na ce ba komai, ruwan ne ya yi yawa.

Na leƙa shafukan ƙarshe don in ga nawa suka rage mini. Da yawa. Can kusa da bangon baya na ga furfura guda ɗaya, doguwa, ta gemu, inda kilifata ba ta taɓa kaiwa ba. Na saba hure gashi daga littafi. Wannan na bar ta.

Sumar Yaya ta rufe kunne. Gobe in Allah Ya kai mu, shafi biyar, ko shago zai yi asarar kai biyu.