Hasumiya a Tudun Baba

Gure, watan Oktoba

Zuwa ga Yaya Tukur,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Hamsatu da yara. Ya aikin lakwal a Gamu, da 'yan makarantar? Mu nan sai godiyar Allah.

Yaya, an ba ni aikin zanen gidan 'yan kwana-kwana da za a gina mana. Na koma kan hotunan da na tara lokacin karatu, na irin waɗannan gidaje a Turai shekara ɗari baya. Ƙofofinsu faɗi gare su, samansu a lanƙwashe kamar baka, suna kallon titi don dawakai su fice da keken ruwa a guje. Ma'aikata na kwana a bene, su sulalo ƙasa ta kan sandar ƙarfe. Sandar na cire daga zanena, na san ƙafafun mutanenmu. A gefe kuma akwai doguwar hasumiya, a rataye tiyo ya bushe, mai gadi ya hango hayaƙi daga samanta.

Tiyo dai ranar Gure za ta busar da shi kafin shayi ya nuna. Hangen nake so. Wasu sun ce zamanin salula ne, amma kai ka san babu rezon waya a dajin Alakos. Ka kuma san da an ga hayaƙi da wuri a waccan shekarar, da wutar daji ba ta cinye shanun Baba ba, Allah ya jiƙansa.

Na auna ko'ina. Wuri ɗaya ne hasumiyar za ta yi amfani, tudun Baba, inda ka jibge tubalin gidanka. Za a musanya maka da fili a gangare, ba mai kyan wannan ba. Na san Hamsatu ta gaji da haya. Kunyarka nake ji, shi ya sa na rubuto ban kira ba. In ka ƙi, za a yi ginin babu hasumiya, kuma ba zan riƙe ka ba.

Ƙanwarka,
Yabawa

Gure, watan Yuni

Yaya Tukur,

Ina gaisuwa, ya zafi? A gaishe min da Hamsatu gaisuwa ta musamman.

Har yau ba ka amsa wasiƙata ba, halinka sai kai. Sa hannunka kawai na gani a takardar musanya. Manzo magini ne ya faɗa min ka hana a kwashe tubalinka, ka ce a zuba su a gindin hasumiyar. Na yi fushi, don yanzu ba ka da tudu ba ka da tubali. Daga baya na yi kuka.

Jiya aka gama matakala, na hau. Ana ganin lambunan dabino, da hanyar Gamu, da can arewa kwarin da Baba ya tsaya da sandarsa bayan wutar, babu sauran shanun kora. Ashe kusa ne, Yaya.

Ka zo hutun nan ka hau da ƙafarka.

Taka,
Yabawa