Yohanna, Shanun Ardo Buba Sun Dawo

Zuwa ga abokina Yohanna,

Gaisuwa mai yawa. Na san babu masinjan da zai kai maka wannan takarda, kai ma ba za ka karanta ta ba. To amma wa zan ba labarin nan ya gane shi in ba kai ba?

Dutsin-Ma lafiya lau. Ruwa ya sauka da wuri, gero ya yi kyau a hanyar Kurfi. Maman Rifkatu ta ƙi komawa Filato, ta ce nan ka kawo ta, nan kabarinka yake. Ta ci gaba da ɗinkinta. Rifkatu ta shiga sakandare, kuma tafiyarka ce da ita sak, kafaɗa ɗaya a karkace.

Kwamfutar ofishinmu na dabbobi tana nan, da furogiram ɗin da ka rubuta na rigakafin shanu. Tun rasuwarka aka ɗora mini ita, don ni kaɗai ne na taɓa zama kusa da kai ina kallo. Ka tuna sashen da ka sa wa suna tafinta? Wanda ka ce shi ke tsaye tsakanin abin da muke gani a allo da rumbun bayanan da ke cikin faifai, yana kai wa wannan saƙon wancan? To, tafintanka ya so ya kashe ni da raina.

Da farko gyara ne ya ƙi zama. Makiyayi ya tashi daga Kuki ya koma Birchi, in canza masa gari, allo ya nuna ya canzu. Da wuta ta ɗauke aka tayar da janareta, sai in tarar da mutumin ya koma Kuki. Na zargi faifai, na sake sabo. Na zargi zafi, na jawo fanka na kafa wa kwamfutar. Har Alhaji shugaban ofis ya fara cewa a mayar da ita kwali a koma yadda aka saba.

Ana cikin haka Ardo Buba na Kuki ya rasu, dattijon nan da ke ce maka dogon likita alhali ko allura ba ka iya riƙewa ba. Na shiga na share sunansa, kamar yadda ka koya mini. Da aka buga sunayen garken da za a yi wa rigakafin cutar bushiya mai kashe shanu, babu shanunsa ko ɗaya. Ban lura ba, ma'aikatan allura ma ba su lura ba. Suka gama Kuki suka nufi Birchi.

Ranar kasuwa sai ga Inna Hajjo, matar Ardo, a ƙofar ofis, ta tako da ƙafa. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni ne kawai ko don maigidanta ya mutu aka tsallake rugarsu. Ta ce ta ga abin da bushiya ta yi wa maƙwabta a shekarun baya, shanun nan kuwa su ne abincin marayu. Wallahi Yohanna, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Maganin da ya rage kaɗan ne, kuma Alhaji ya ce ba zai fitar da ko kwalba ɗaya ba sai garken ya bayyana a kwamfuta, don abin da za a tambaye shi ke nan daga sama.

Na buga furogiram ɗinka gaba ɗaya a takarda, na shimfiɗa a ƙasa, na bi shi layi-layi da biro. Kan nawa ya yi zafi. Sau nawa na juya zan tambaye ka, in ga kujerarka babu kowa?

Daga ƙarshe na gano kurakuran, su biyun. Tafinta yana ɗauko kwafin bayanin mutum ya riƙe, kuma ba ya mayar da shi rumbu sai ya ga alamar cewa an taɓa wani abu. Ka sa alamar ta tashi in an canza suna ko yawan shanu, ka manta da gari. Shi ya sa gyaran ke tsayawa a allo. Na biyun kuma, ka ɗaure kowane garke da mai shi, yadda in an share mutum sai tafinta ya bi duk abin da ke rataye da shi ya share. Kuskurenka ne, abokina, kada ka yi musu. Amma na duba lokacin da ka rubuta wannan sashen, lokacin ne ciwon ya fara cin ka, kana zuwa aiki kana cewa zazzaɓi ne kawai. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?

Allah ya taimake mu, rumbun ba ya goge abu nan take. Tauraro yake sa masa a gefe ya ɓoye shi, sai an ba da umarnin sharar ƙarshe, ni kuwa ban taɓa ba da shi ba. Na cire taurarin, sai ga shanun Ardo sun jeru a allo. Na mayar da su sunan Inna Hajjo. Sannan na gyara tafinta: yanzu ba a share kowa, sai dai a rubuta ya rasu, kuma ba zai yarda ba sai an faɗi wanda ya gaji garken.

Ni da kaina na bi motar allura zuwa Kuki. Aka yi wa shanun nan kaf, har maruƙa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Tun da ka sauka a tashar garin nan da akwatin ƙarfe, ba ka san kowa ba, mahaifiyata ta ba ka ɗakin zaure, ban ƙara jin cewa ba ni da wa ba. Kai ka tsaya mini a aurena, ni na riƙe Rifkatu ranar sunanta. Ina ganin kamar faɗar hakan ba dole ba ne, tunda kullum muna tare. Ashe dole ne.

Da za mu baro rugar, Inna Hajjo ta miƙo mini ƙwarya cike da man shanu, ta ce in kai wa dogon likita, ta kwana biyu ba ta ga babur ɗinsa ba. Ashe labari bai kai musu ba. Na tsaya da ƙwarya a hannu, na faɗa mata. Sai ta ce to a kai wa iyalinsa.

Na kai. Maman Rifkatu ta yi tuwo da miyar kuka, ta zuba man a kai, ta hana ni tafiya sai da na ci.

Ka huta lafiya, Yohanna. Allah ya sa kana cikin rahama.

Naka har kullum,
Sabi'u, ƙaninka na Dutsin-Ma