Rabin Farantin da Ke Hagu

Litinin, 4 ga Mayu

Malam lafiya, sai tarin nan nasa. Surukata lafiya. Jikata ta rabu da mura. Ni gwiwa ce. Babana kuwa, ɗana na fari, wata bakwai ke nan da bugun jinin da ya kayar da shi a tashar bas. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo. Hagu ce ba ta dawo ba. Likita ya ce idon lafiya lau, ƙwaƙwalwar ce ta manta akwai duniya a wannan ɓangaren.

Na raka shi ɗakin motar gwaji a asibiti. Kujera ce da sitiyari da birki, ga alluna uku masu nuna titi. Ba ta zuwa ko'ina. In ya ci gwajinta ranar Alhamis 21, za a bar shi ya gwada titin gaske. Kamfani ya ce bas ɗinsa na jiransa.

Laraba, 6 ga Mayu

Ya take wata mata mai tura keken jariri a cikin allo. Daga hagu ta ɓullo. Na san zane ce, amma sai da na dafe ƙirji. Ya ce, "Inna, matar nan kullum tana kan titi, ba ta da gida ne?" Shi kaɗai ya yi dariya.

Malamar da ke horar da shi ta ce, "Mama, a gida yana mantawa da abin da ke hagunsa?" Na ce a'a.

Alhamis, 7 ga Mayu

To ta yaya zai manta, alhali ban bar kome a can ba? In ya cinye shinkafar dama ya ce an rage masa abinci, sai in juya farantin a hankali. Waya, kofi, takalmi, duk a damarsa. Ni ma can nake zama.

Talata, 12 ga Mayu

Malama ta ba da takarda: a riƙa ajiye masa kome a hagu, a bar shi ya nema. Da kaina na karanta, sau uku, da yatsa. Na sa ta ƙarƙashin katifa.

Surukata ta kama ni da rana. "Inna, kin juya masa farantin."

Na ce da yunwa zan bar shi?

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ko dai ba ki so ya koma titi?"

Ban taɓa jin ta yi mini magana haka ba. Bas mai mutum talatin. A nan falo kuwa ina ganinsa.

Alhamis, 14 ga Mayu

Ya sake take matar nan ta allo. Da wani mai keke.

Juma'a, 15 ga Mayu

Na leƙa ɗakinsu, yana goge rigar aikinsa. Ya goge dama tas, hannun hagu duk a cukurkuɗe. Ya rataye ta yana kallonta kamar sabuwa. Na kai hannu ga dutsen guga, na janye.

Ina da shekara hamsin da biyu na fara riƙe alƙalami. Malamar ajin manya ba ta taɓa kama mini hannu ba. Wata guda ina jin haushinta. Ban san abin da ya tuno mini da ita ba.

Lahadi, 17 ga Mayu

Na zauna a hagunsa. Ya cinye rabi, ya dubi dama. "Inna?" Na yi shiru. Na ƙirga har arba'in. Sai ga wuyan yana juyowa kaɗan-kaɗan.

"Au, nan kika ɓuya? Har da nama?"

Litinin, 18 ga Mayu

Kujerata tana nan hagu. Can ya fi iska, shi ke nan.

Ga abin da na rubuta wa malama, surukata ta kai:

"'Yata, ƙarya na yi miki. Yana mantawa, ni ke rufewa. Takardarki ma na ɓoye. Makonnin da suka wuce ni na ɓata su, ba shi ba. Ki ɗaga masa gwajin da mako uku, zan yi yadda kika ce. Har yanzu ina tsoron titin. Don Allah ki ba ni amsa kafin Alhamis, ya riga ya goge riga."