Fedar da Ta Daina Buga Dutse

Zuwa ga yayana, marigayi Aliyu Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, na ɗauki alƙalami ne domin in sanar da kai wani abu da na yi wa kekenka ba da izininka ba. Na san ba za ka karanta ba. Amma tun muna yara ban saba taɓa kayanka in yi shiru ba, kuma girma bai sauya ni ba.

Na cire wa keken hannuwan fedarsa, ƙarafan nan biyu da fedoji ke maƙale a jikinsu, na sa an ɗaura gajeru. Bambancin bai wuce faɗin babban yatsa ba. Da kana nan sai ka yi dariya har ka riƙe ciki, ka ce a kan faɗin yatsa Garba ya zauna rubuta wasiƙa. To, ka yi haƙuri ka saurara, domin a kan wannan faɗin yatsan na daɗe ina fama da kaina.

Ka tuna ranar da ka shigo Bukkuyum da shi daga Sakkwato? Keke mai batir, mai ƙatuwar taya kamar ta babur, da ɗan inji a tsakanin fedoji. Mutanen bakin kasuwa suka zagaye ka, wani ya ce babur ne da bai ƙoshi ba, wani ya ce keke ne da ya yi karatun boko. Kai kuwa ko a jikinka. Aikinka na yi wa shanu allura yana kai ka rugage inda mota ba ta shiga, mai ya yi wuya, ga rana kyauta a kan rufin ɗakinka tana cika maka batir ta farantin sola. Ka ɗaga sirdi har ƙarshe saboda zara-zaran ƙafafun nan naka, ka wuce ka bar mu da baki buɗe.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci kakan kama hanyar ƙauyenmu, can gaba da Nasarawa Burkullu, ka je gaida Inna. A ƙarshen hanyar, in an hauro daga korama, akwai ɗan hawan nan da ke kaiwa ƙofar gida, da dutsen da ya leƙo daga ƙasa kusa da saiwar tsamiya. Injin kekenka ba ya turawa sai ana juya feda, saboda haka ba dama ka tsayar da ƙafa a hawan. Sai fedar hagu ta sauko ta bugi dutsen, ƙwas! Da farko kuskure ne. Daga baya na lura kana saita ƙafarka da gangan, har bugun ya zama sallamarka.

Ka fi ni sanin halin Inna game da kai. Kai ne ɗan fari, kuma ita ta tsohuwar tarbiyya ce: ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da kai ido da ido ba. In za ta ambace ka sai ta ce “wancan”, ko “mai keke”. Amma ni da nake yawan riga ka isa na ga abin da ba ka gani ba. Tun da yanar ido ta fara rufe mata gani, ranar Juma'a takan sa a shimfiɗa mata tabarma kusa da zaure, wai ta fi jin iska a nan. Da zarar ta ji ƙwas, sai ta gyara kallabi, ta jawo ƙwaryar furar da ta dama tun hantsi, sannan ta juya baya ta kama tsintar wake kamar ba ta san da zuwan kowa ba. Kai kuma ka durƙusa daga nesa ka gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ka shanye furar tas. A haka kuka yi ta ƙaunar juna shekara da shekaru, ni ina tsakiya ina ta surutu a madadinku.

Da ciwon nan ya ɗauke ka, aka zo rabon abin da ka bari, keken ya faɗo hannuna. Babu wanda ya yi gardama, sai dai na ga wasu suna duban ƙafafuna suna danne dariya. Ba su yi laifi ba. Allah da ya tashi rabon tsawo a gidanmu, kai ya ba naka da nawa.

Na sauke sirdi har ya zauna a kan ƙarfe. Ƙafata ta kai fedar in tana ƙasa, amma in ta zagayo sama sai gwiwata ta tashi kamar za ta gaisa da haɓata. Ga gwiwar dama da ma tun faɗuwar da na yi daga kan rumbu ba ta koma daidai ba. Haka na riƙa lallaɓawa ina zuwa makarantar da nake koyarwa, ranar Juma'a kuma in kama hanyarka.

Juma'ar farko da na hau hawan ƙofar gida, ban shirya ba, sai na ji ƙwas a ƙarƙashin ƙafata. Yaya, sai da na kusa faɗuwa. Na shiga zaure na tarar da Inna ta gyara kallabi, hannunta a kan ƙwarya. Na durƙusa na gaishe ta. Na sha furar da hawaye a ciki. A ranar na ƙudurta a raina cewa muddin ina da rai, Inna ba za ta rasa wannan bugun ba. Na ga kamar shi kaɗai ne abin da ya rage mata naka da kunnenta zai iya kamawa.

Damina biyu na yi a haka. Kowace Asabar gwiwar takan kumbura kamar tulu, in ɗaure ta da rawani, ranar Litinin in shiga aji ina ɗingishi. Har ta kai ina sallah a zaune. Likitan da ya duba ni a Gummi bai ɓoye mini ba: ko in gyara yadda nake hawan keken, ko in jingine shi gaba ɗaya. Ka kuwa san in na jingine shi, zuwa wurin Inna ya zama sai an dace. Da damina hanyarmu ba ta karɓar mota, masu babur kuma ba kullum suke yarda su bi ta ba yadda zamani ya koma. Wato ko in hana ta jin bugunka, ko in hana ta zuwana.

Na kai keken wurin Ɗanjuma mai gyara, abokin nan naka na bakin tashar Gummi da kuke musun ƙwallo. Ya sa na hau na juya feda yana kallo, ya girgiza kai ya ce, “Malam Garba, wanga keke da ƙahwahun Dogo aka auna shi. Kai kana taka sawun da ba naka ba.” Shi ya gaya mini ana samun gajerun hannuwan feda, kuma in aka sa su da'irar da ƙafa ke yi za ta ragu, gwiwa ta daina naɗewa sosai. Ƙarfin da za a rasa inji zai cike shi. Ya ƙara da cewa, yana murna, fedar ma za ta daina dukan duwatsu. Bai san wannan maganar ce ta sa na ɗauki kekena na tafi ba tare da na ba shi amsa ba.

Abin da ya mayar da ni wurinsa kai ne. Wata rana ina zaune na miƙe ƙafa, sai tsohon baƙin keken Baba ya faɗo mini a rai. Sa'o'ina duk sun iya hawa, su zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda su yi ta gudu a fegi, ni kuwa ko fedar ban kai ba. Na zauna gindin tsamiya ina kuka. Ka zo ka dube ni, ka je ka sassaƙo guntayen itace biyu, ka ɗaure su a kan fedoji da tsohuwar robar taya. Ka ce, “Tashi, Guntu. Ba kai za ka miƙe ba, keken za mu gyara.” Ka riƙe mini sirdi kana bina a guje har bakin korama. Baba ya yi faɗa da ya ga itace a kekensa, ka ce kai ka ɗaura, ka sha faɗan kai kaɗai. Na ce wa kaina, mutumin da ya yi wannan ba zai so in gurgunce a kan ƙarfensa ba.

Sai da aka aika Sakkwato aka nemo waɗanda bakinsu ya dace da sandar injin, domin ba kowane iri ke shiga ba. Ina tsaye Ɗanjuma ya kwance fedojin, ta hagu yana juya ta baibai yadda aka yi ta. Ya sa wani ɗan ƙarfe mai zare ya zaro hannuwan daga mazauninsu. Na dama ya fito salin-alin. Na hagu ya yi gardama, sai da ya sha mai da lallashi, na ce a raina ko a nan halinka ne. Da ya fito na karɓa na duba. Ƙarshensa duk ya goge, fentin ya tafi, ƙarfen ya yi fari saboda gaisawa da dutsen Inna. Na sa shi a aljihun babbar rigata. Ɗanjuma ya ɗaura sababbin, ya ɗaure tamau, ya ɗan ɗaga mini sirdi, ya ce in riƙa juya ƙafa da sauri-sauri maimakon dannawa da ƙarfi.

Ba zan yi maka ƙarya ba, daɗin da na ji a hanyar Juma'ar nan har kunya ya ba ni. Gero ya yi kai, iska tana kaɗa shi, shanun Fulani suna ƙetare hanya, gwiwata kuwa shiru kamar ba ita ba. Amma ina tsallake korama sai na tuna da dutsen. Na hau hawan, na zo daidai saiwar tsamiya, na ma saita ƙafar hagu yadda kake yi. Fedar ta wuce ta saman dutsen ba ta taɓa shi ba.

Na tarar da Inna a kan tabarmarta. Ban kai ga sallama ba ta ce, “Garba, yau ban ji dutcin ba.” Na durƙusa na kwashe komai na gaya mata, da gwiwa, da likita, da Ɗanjuma. Na ce in ta fi so, gobe-goben nan zan koma a mayar da na da, ƙafa dai tawa ce, zan jure.

Sai ta ce, “Bar shi hakanga. Duk Juma'a in ya buga, zuciyata na miƙewa tsaye kahin hankalina shi ce mata ba shi na ba. Na yi shiru ne don na ɗauka kai ka son jin shi.”

Ka ji, Yaya. Damina biyu ina tauna ciwo saboda ita, ita kuma tana haɗiye nata saboda ni, kuma babu wanda ya iya buɗe baki. Duk surutun nan nawa da kuke yi wa dariya, a inda ya kamata ya yi amfani bai yi ba.

Na ciro ƙarfen daga aljihu na sa mata a hannu. Ta shafa shi daga sama har ƙasa, yatsanta ya tsaya a inda ya goge, ta yi ta murza wurin. Sai na ji ta ce, a hankali, kamar mai gwada kalmar a bakinta, “Aliyu dai bai taɓa iya shigowa gida shiru ba.”

Ta faɗi sunanka. Da kunnena na ji. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sa a bakinta ba, kuma na san kai ma ba ka taɓa ji ba. Wannan ne ainihin abin da ya sa na rubuto, zancen feda hanya ce kawai. Ban iya riƙe shi ni kaɗai ba, domin naka ne.

Ƙarfen yana wurinta yanzu, ta sa shi cikin kwallar da take ajiye tasbaha da turarenta. Ta miƙo mini furar da hannunta, ba ta juya baya ba, ta ce in riƙa yin sallama da baki tun daga tsamiya kamar kowa. Haka nake yi. Dutsen yana nan inda ka bar shi, da ɗan farin tabo a kansa, kuma har yau in na zo wucewa ƙafata ta hagu takan nemi saitawa da kanta. Ina kewarka ƙwarai, Dogo.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka kabarinka yadda dogayen ƙafafun nan za su miƙe su huta. Allah ya sa dabbobin da ka yi wa magani da mutanen da ka share wa hawaye su zama shaida a gare ka. Ya ƙara wa Inna lafiya da haƙuri, ya ba ni ƙafar zuwa gare ta kowace Juma'a, ya haɗa mu duka a gidan da babu rabuwa. Amin.

Ni ne ƙanenka da har yau bai miƙe ba,
Garba Guntu,
daga Bukkuyum.