Za a Sare Ɗorawarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya take yi wa uwa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa, na rubuto ne in sanar da ke abin da ya hana ni sakat. Za a sare ɗorawarki ta gonar Toranke.

Sale ne zai sa a sare ta, ɗan marigayi Yaya Habu, wanda gonar take hannunsa yanzu. Ya gama magana da masu gawayi, ranar Laraba za su zo da injinsu. Tun da labarin ya same ni a nan Gaya na kasa zaune na kasa tsaye. In shiga ɗaki, in fito, in ɗauki tsintsiya, in ajiye, jikokina suna ta bi na da ido.

Ke kin san bishiyar nan ba inuwa kawai ba ce. Lokacin muna yara, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, da zarar bazara ta yi sai ki tasa mu gaba da doguwar gora mai ƙugiya. Ke kina kaɗowa, mu muna tsincewa, muna ɓare wasu muna shan garin nan rawaya har bakinmu ya rine. Mu dawo gida a ƙoshe, ki ce tuwonki ya huta.

Sai aikin kalwa, ta yin daddawa. Ki wanke ta, ki ɗora tukunya ta wuni tana tafasa, ki surfa, ki sake wankewa, ki sake dafawa, sannan ki zuba a ƙwarya ki lulluɓe da ganye ki tura ƙuryar ɗaki. Idan ta fara tashi, warin har soro yake kaiwa. Baba ya riƙa toshe hanci yana mita, amma da an kawo tuwon dawa da miyar kuka shi ne mai fara neman ƙari. Ko kwasfar ba kya zubarwa, makuba kike jiƙawa da ita ki daɓe mana ɗaki.

Daga baya kayan kanti suka cika kasuwar Gaya: burodi, madarar gwangwani, farar shinkafa ta jirgi, da ɗan dunƙulen miya a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Ina amarya a lokacin, na kawo miki dunƙulen guda tsaraba ina jin ni ma na waye. Kika warware, kika ɗan lasa, kika yatsine fuska kika ce, "Wannan ai gishiri ne aka sa wa riga." Kika miƙo mini abina. Kika ƙara da cewa duk abin da ba ki ga uwarsa a gona ba, ba zai shiga tukunyarki ba.

Muka yi ta dariya, muna cewa Inna ta ƙi zamani. Gari duka ya juya, har mai daddawa ta zama abar tsokana a gidan biki. Ke kuwa ko a jikinki. Gero kike dakawa da 'yar dusarsa, zogale daga bayan ɗaki, man gyaɗa wanda kika matse da hannunki. Har kika koma ga Allah da ƙafarki kike zuwa gona, ba ki taɓa sanin ƙwayar da ake sha kullum ba.

Ni ga ni yau ban kai shekarunki ba, amma hawan jini da ciwon suga sun sa ni gaba. Likita, yaro sa'an jikana, ya zaunar da ni yana yi mini bayani a tsanake: a rage gishiri, a bar dunƙule da lemon kwalba, a koma dawa da gero da ganye. Na dube shi na kusa yin dariya, don girkinki ya karanto mini kaf. Na koma, Inna, kuma na ji sauƙi. Kumburin ƙafa ya saɓe, jirin ya ragu. Daddawar da nake ci kuwa daga kalwar bishiyarki take, duk shekara ake aiko mini.

Haushina ba na cikina ba ne kaɗai. Bishiyar tawa ce. Ƙasar ta Baba ce, amma ɗorawar taki ce tun daga hannun kakarmu, kamar yadda aka saba a wajenmu, gona da mai ita, itace da mai shi. Bayan rasuwar Baba, a gaban liman da Kawu Idi ƙanenki, kika ce, "Habu ya noma ƙasa, ɗorawa ta Ladi ce." Yaya Habu bai taɓa taɓa ko reshe ba sai da izinina.

Na aika wa Sale da wannan maganar. Ba rashin kunya ya yi mini ba, yaron yana da iyali, inuwar kuma tana kashe masa dawa, na sani. Cewa ya yi a gaishe da Gwaggo, a tambaye ta wa ya shaida. Na zauna ina lissafa waɗanda suke wurin ran nan. Liman ya tafi. Kawu Idi ya tafi. Yaya Habu ya tafi. Ke da kika faɗa da bakinki, kina kwance a maƙabartar Toranke, ba nisa da gonar. Wallahi sai da na yi kuka, don ban taɓa jin maraicinki kamar wannan karon ba.

'Ya'yana sun ce in haƙura, jikina ba na shiga mota ba ne, za su riƙa sayo mini daddawa a kasuwa. Na ji su. Amma gobe zan kama hanyar Ajingi in wuce Toranke. Ranar Laraba kafin masu inji su iso zan shimfiɗa tabarmata a gindinta, in jingina bayana da ita. Ba zan yi faɗa da kowa ba. In Sale zai iya duban idona ya ce Gwaggo matsa, to sai ya faɗa.

Allah ya jiƙan ki, Innata, ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke daga Alkausara. Ya tausasa zuciyar yaron nan, ni kuma ya ba ƙafafuna ƙarfin isa can. Amin.

Taki har abada,
Ladi